Shimfiɗa Uku da Sunan Surukina

A falonmu na unguwar Yantala, a Yamai, akwai wani tebur da na lulluɓe da ƙyalle mai furanni, wanda na yi wa ado da hannuna tun ina kolej. Saboda ƴaƴa da miyar kuɓewa, na ɗora masa farar leda, irin mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, na yanko ta a kasuwar Katako. Da wannan teburin maigidana ya koya mini ordinater, wato kwamfuta, shi ya sa har yau in an ambaci ordinater, furannin nan nake fara gani.

Aikinsa ke nan, gyaran ordinater a wani biro, wato ofis. Wadda ke gidanmu tsohuwa ce, da kansa ya haɗa ta daga gaɓoɓin waɗanda suka mutu. Gidanmu kuwa gidan jama'a ne. Wannan ya zo da kile ɗinsa, ɗan abin ajiye takardu da ake soka wa inji, a buga masa takardar neman aiki, wancan ya zo duba hotunan biki, ƴan matana biyu kuma su danna duk abin da yatsa ya kai gare shi. Sau biyu ana ɓata masa ita. A karo na uku bai yi faɗa ba, sai ya zauna wata Lahadi ya sake mata tsari tun daga tushe, sannan ya kira ni.

"Madam kolej, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki ga abin da na yi."

"Malam, shinkafa na kan wuta."

"Ba za ta gudu ba. Dubi teburin nan. Abu nawa kika gani?"

"Tebur ɗaya."

"Uku ne. Katako a ƙasa, ƙyallenki a tsakiya, leda a sama. Idonki ne ya haɗa su. To haka na yi wa injin nan."

Ya ce shimfiɗar ƙasa ita ce kayan da ke tafiyar da injin kansa, ya kulle ta, ba mai iya rubutu a kanta. Ta tsakiya ma'ajiyar takardun da aka gama ce, ita ma a kulle take, sai da kod, wato lambar sirri, ake buɗe ta a saukar da abu. Ta sama kuwa ta kowa ce. Duk abin da mutum ya rubuta, ko ya canza, ko ya ɓata, a kanta yake sauka, ko da shi yana ganin kamar can ƙasa ya taɓa. Sai ya ɗauki faranti ya kife a kan furen da ya fi girma.

"Furen ya tafi?"

"Yana nan, rufe shi ka yi."

"To in wani ya goge takardar da ke ƙasa, abin da ya yi ke nan. Faranti ya kife. Ki share saman, ta fito. Amma ki riƙe wannan: abin da yake kan leda kaɗai, in aka share shi, ya tafi."

Ya nuna mini yadda ake share shimfiɗar sama in ana kunna injin, ya ba ni kod, ya sa na saukar da takarda sau uku a gabansa. Doka ɗaya ya kafa mini: abin da ya kammala kaɗai ake saukarwa, kada ma'ajiya ta cika da rabi-da-rabi. Ni kuwa mai riƙe doka ce, ko a lakkol, makarantar boko, ba a taɓa sa ni durƙuso ba. Shinkafar ta kama a ranar, amma na koyi abin, kuma na koye shi da kyau.

Shekarar da nake magana ita ce wadda damina ta yi gardama, sannan sojoji suka karɓi mulki. Abin da na fi tunawa shi ne ranar da na ji rediyo ya ce "yunwa" a fili, kalmar da a da ake kewaya ta kamar ramin hanya. Mu dai mun riga rediyo sani. Mata daga ƙauye suna bin ƙofa-ƙofa a kartiye, wato unguwarmu, da goyo, suna tambayar wanki ko daka. Wasu ko Zabarmanci ba su ji, sai su tsaya shiru har Allah ya haɗa su da mai jin Hausa. Na koyi ƙara ruwa a tukunya tun kafin a yi sallama.

Ni da maigidana ƴan gari ɗaya ne, can wajen Tawa. A cikin watan zafi Gwaggo ta iso mana, yayar mahaifinsa, tsohuwa mai ƙafa ɗaya da ciwo da baki mai lafiya. Ta kafa tabarmarta a gindin darbejiyar tsakar gida, daga nan take mulkinmu.

Bayan ita sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyata, da wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, a aljihun rigarsa, an naɗe shi da leda. Ƴan garinmu mazauna Yamai sun samu wata ƙungiyar agaji da ta yarda ta kai hatsi, amma tana son sunan kowane mai gida, unguwa-unguwa, a bugu da boko, a kawo a kile kafin azahar ɗin Alhamis ta mako mai zuwa. Gidan da ba ya cikin lis ba ya cikin rabo. Limamin garinmu ya rubuta sunayen duka, amma da ajami ya rubuta. An duba an duba, wa ya yi allo kuma ya yi boko, kuma yana da inji a gida? Sai ni.

A makon ne kuma aka tura maigidana misiyon, wato tafiyar aiki, zuwa Damagaram, sababbin shugabanni suna son a ƙirga musu injinan birori. Ya ce Laraba zai dawo.

"Za ki iya?"

"Allah zai iya mini. Ka tafi."

Unguwa bakwai ce a garinmu, kowace na buɗe mata takardarta. Ina da wata ɗabi'a tun makarantar allo: ba na iya karatu da ido kaɗai, boko ko ajami, sai na furta. Sai in karanta sunan a fili, in ji shi a kunnena, sannan yatsuna su mayar da shi boko. Kawu na gefe yana gyara mini in rubutun Liman ya cushe. Aikin bai yi sauri ba, don kowane suna da fuskarsa. Ga mai gidan da matarsa ta yi mini kitson sallah. Ga wanda rumbunsa uku ne a da, yara muna ɓuya a ƙarƙashinsu. Wani lokaci sai in tashi kamar zan duba tukunya, in je in share idona in dawo. Duk unguwar da na gama, sai in sake karanta ta, in sa kod, in saukar da ita tsakiya, in ce alhamdu lillahi. Ko kuran ya tafi, wato an ɗauke wuta, ban damu ba.

Ranar Talata da hantsi na iso unguwa ta bakwai, unguwar su maigidana. Na buɗe shafin, na buɗe baki, sai bakin ya tsaya. Sunan farko a shafin sunan surukina ne.

Shekara goma sha huɗu ina aure a lokacin, ban taɓa furta wannan sunan ba. Akwai mai nama a kasuwarmu da ke da irinsa, "mai nama" nake ce masa. Na ce wa kaina, rubutu ai ba faɗa ba ne. Amma ni rubutuna ta baki yake bi, kuma ga Kawu zaune yana kallona. Na ɗora yatsa a kan harafin farko na ɗauke. Daga ƙarshe na sa ɗigo-ɗigo a layi na ɗaya, na fara daga na biyu, na bi har ƙasa, layi talatin da ɗaya. Na ce gobe maigidana zai dawo ya cike sunan mahaifinsa da hannunsa. Shafi mai giɓi bai kammala ba, don haka ban saukar da shi ba. Na bar shi a kan leda.

Da la'asar Kawu ya naɗe kayen ya tafi tasha. Liman ya ce kada ya wuce mako, don a cikinsa yake rubuta haihuwa da rasuwa.

Laraba da safe maigidana ya yi waya, muryarsa na yankewa, ya ce an ƙara musu kwana uku. Kafin in buɗe baki layin ya ɗauke. Ban gama tunanin abin yi ba sai na ji sallamar Yaya, wan maigidana.

Yaya tsohon ma'aikaci ne, mutum mai tsabta da tsari, alƙalami uku a aljihun gaba. Shekara da shekaru shi ke yi wa mutanen garinmu takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Ya ce kile ɗinsa ya cika da tarkace, yana so ya share shi ya ba wani. Na so in ce, Yaya, bari in yi maka. Amma ta yaya matar ƙane za ta nuna wa wan miji cewa bai iya ba?

"Ga ordinater nan, Yaya."

"Kada ki damu, je ki aikinki. Tun ba ki san ta ba nake ganin sakatariyata tana taɓa ta."

Na fita tsintar zogale da Gwaggo. Ba a jima ba ya leƙo yana murmushi.

"Na share shi tas, har kwandon sharar na zubar. Ni ba na barin datti."

Na shiga in kashe injin. Kile ɗinsa na nan cike yadda ya zo da shi. Dosiyena mai sunan garinmu kuwa, inda na tara takardun unguwannin, babu komai a cikinsa. Tagogi biyu ne a buɗe a ekiran, fuskar injin, ya share wadda ba ita ba.

"Yaya," na ce, a hankali, "ina jin ba kile ɗin aka share ba."

Ya matso, ya sa tabarau, ya duba, ya cire tabarau. Na ga goshinsa ya fara tsattsafo da gumi.

"Mene ne a ciki?"

"Lis ɗin hatsi."

"Na garinmu? Duka?" Ya zauna ba tare da ya duba kujera ba. "Innalillahi. Ina kayen Liman?"

"Ya kwana a hanya tun jiya."

Gwaggo ta shigo tana jan ƙafa, don ba a yin abu a gidan nan ba ta nan.

"Me ya faru kuke tsaye kamar an yi mutuwa?"

Yaya ya gaya mata. Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Kai dai tun kana yaro haka kake. Aka ce ka kori kaji daga shanya, ka kifar da shanyar. Sojoji ba su hana mu ci ba, fari bai gama da mu ba, sai kai da yatsa ɗaya?"

"Gwaggo, don Allah."

"Don Annabi ma. Sarkin alƙalami!"

Gaskiya gabana bai faɗi ba kamar nasu. Farantin nan da aka kife a kan fure shi ya zo mini. Na ce su yi haƙuri su ba ni wuri. Na yi bisimilla, na kashe injin, na sake kunna shi, da ya tambaya na zaɓi share shimfiɗar sama kamar yadda aka koya mini. Tsohuwa ce, tana ɗaukar lokaci kafin ta farka, fankarta na kuka. Yaya na jan carbi. Na buɗe dosiye. Ga su a jere: ta ɗaya, ta biyu, har ta shida, kowace da sunayenta ba ko ɗaya da ya motsa.

"Allahu akbar!" Yaya ya miƙe tsaye. "Daga ina suka fito?"

"Ba su je ko'ina ba, Yaya. Rufe su aka yi."

Gwaggo ba ta iya karatu ba amma ta iya lissafi. Ta nuna ekiran da sandarta.

"Ɗaya, biyu... shida. Garinmu unguwa bakwai ne. Wace ce babu?"

Na sunkuyar da kai. "Taku, Gwaggo."

"Me ya sa tamu?"

Dole na faɗa. Na ce shafin bai kammala ba, don na bar layin farko. Ta ce me ya hana ni. Na ce layin mahaifin maigidana ne, sai ta gane sauran da kanta. Ta yi dariya har ta riƙe ƙofa.

"Wayyo ni! Ƴar nan, kunyar ƙanena ce za ta hana gida talatin cin tuwo? Wannan da na goya, ya yi mini fitsari a baya? To kun haɗu. Wancan ya ƙi tambaya don girma, ke kin ƙi rubutu don kunya."

Yaya ya ce ko a nemi Kawu a waya. Garinmu a lokacin sai an hau tudun bayan makabarta ake samun layi, kuma ko an same shi, gobe ne Alhamis. Na ce ba sai an nemi kowa ba. Unguwar tana nan a falon nan, a kan mutum biyu. Na buɗe sabuwar takarda na jera lamba ɗaya zuwa talatin da ɗaya, don adadin layukan na riƙe shi.

Gwaggo ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, ta rufe ido.

"To mu tashi daga rijiya. Hannun dama, gidan mai kunnen nan."

"Gwaggo, ba za a rubuta mai kunne a takardar hukuma ba," in ji Yaya, ya faɗi sunan yanka da na uba, kamar yana karantawa daga kati.

"Oho. Mu dai mai kunne muka sani. Bayansa gidan wanda jakinsa ya ci masa hula."

Haka muka yi ta tafiya. Ita ta san ƙofa da laƙabi da abin kunyar kowa, shi ya san sunan da ke takarda, ni ina bugawa, kuma duk sunan da ya fito kunnena na shaida cewa jiya na furta shi. Sau biyu suka yi gardama. Yaya ya kawo wani, Gwaggo ta ce wannan ya rasu bara da kaka, babban ɗansa ne mai gidan yanzu, "kai kana Yamai kana shan ruwan firiji, ina za ka sani." Muka tsaya sallar azahar. Muka ci kopto, kwaɗon zogalen nan, da gari a tsaye-tsaye, muka koma.

Wajen la'asar Gwaggo ta zagayo ta dawo rijiya, ta buɗe ido. Na duba. Har da layin farko da ke jira, gida talatin ne.

"Saura ɗaya," na ce.

"Babu saura. Na shiga kowane gida."

"Talatin da ɗaya ne, Gwaggo. Na gani da idona."

Suka sake zagayawa, ba su samu ba. Yaya ya ce wataƙila na yi kuskuren ƙirga. Ban yi ba. Na rufe nawa idon na tuno shafin Liman, ba garin ba. A can ƙasa tawada ta ƙare masa, ya canza alƙalami, kuma akwai suna ɗaya da ya rubuta a kwance a gefen shafi, har sai da na juya kayen kafin in karanta. Sunan mace ne.

"Akwai wata mace, ita ce mai gidan."

Gwaggo ta dafa ƙirji. "Astagfirullah. Matar makiyayin nan da ya tafi da dabbobi kudu bai dawo ba. Bukkarta na bayan dangar ƙarshe, ita da ƴaƴa huɗu. Ni na tsaya a danga. Allah ya yafe mini. Ita ta fi kowa bukata."

Na buga sunanta. Saura layi na ɗaya.

Na tashi daga kujera. "Yaya, ga wuri."

Ya ɗaga hannu biyu sama. "Ni? Na rantse ba zan ƙara taɓa wannan abin ba. In na taɓa, gari duka zai sake ɓacewa."

"Harafi kaɗan ne, Yaya."

"Ko rabin harafi."

Gwaggo ta dube ni. "Ni ban iya ba, shi ya rantse, mijinki na Damagaram. Zauna. Ni zan faɗa, ke ki rufe bakinki ki bar yatsu su yi. Wa ya ce yatsa na da suruki?"

Na zauna. Na ja mayafi na rufe bakina da shi. Gwaggo ta kira sunan ƙanenta da ƙarfi, kamar tana kiransa daga gona, har da na mahaifinsu. Na buga. Yaya ya juya yana kallon bango, ya ba ni sutura, Allah ya saka masa. Na karanta shafin daga sama har ƙasa, wannan karon da ido kaɗai, na ga ashe ina iyawa. Na sa kod na saukar da shi tsakiya wurin ƴan uwansa shida. Sannan na kwafe duka a sabon kile, na ɗaure shi a bakin zanena. Kile ɗin Yaya ma na share masa, ya karɓa da hannu biyu.

Alhamis da hantsi muka shiga taksi ni da shi zuwa biron ƙungiyar, can wajen Gaweye. Daga kan hanya na hango kogi ya janye, yashi ya fito tsakiyarsa, mutane na takawa a inda a da sai jirgi. Matar da ta karɓi kile ta buɗe, ta ƙirga unguwa bakwai, ta ce ya yi. Yaya ya ce mata, "Matar ƙanena ce ta yi," da murya kamar shi ya koya mini.

Da maigidana ya dawo na ba shi labari. Ya yi dariya, sannan ya ce dokarsa ce ta yi tsauri, daga yau in abu na da muhimmanci a saukar da shi ko da giɓi. Na ce dokar ba ta da laifi, na san inda laifin yake.

Hatsin ya isa garinmu bayan an fara shuka. Ba mai yawa ba ne, amma kowane gida an kira sunansa, har bukkar bayan danga. Gwaggo ta koma da damina, kuma ba ta iya riƙe labari ba. Da Kawu ya sake zuwa ya kawo mini saƙon surukina, tare da ɗan ƙullin kuka. Wai a gaishe ni, a ce mini ya gode, kuma ashe duk shekarun nan na san sunansa.